Yadda za ka haɗa tallar kayanka ba tare da ka zagi wadda za ta saya ba

Ni dai sana'ata montaj ce, wato yankawa da haɗa bidiyo, ina ɗaukar biki da suna da walima, wani lokaci kuma wani Alhaji ya kira ni ya ce yaro zo ka yi muna talla ta minti guda a sa a tele, ko a watsa ta WhatsApp da TikTok tunda yanzu can idon mutane ya koma. Na daɗe ina wanga aiki nan Maradi, na yi wadda anka yaba, na yi kuma wadda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma da ta kunyar za ni fara don ita ta koya min karatun.

Tallar sabuni ce. Mai kayan ya sauke kwali-kwali shina son su shiga kasuwa kafin salla. Munka zauna a shagonshi, shi da yaranshi biyu da ni, maza huɗu reras waɗanda babu wanda ya san rabonshi da sa hannu cikin bahon wanki, munka tsara labari. Maigida za shi masallacin Juma'a, ya ɗaga farar shaddarshi ya ga ba ta fita ba, ya ɗaure fuska ya ce ma matar "in ba ki iya ba akwai masu iyawa", sai ga wata budurwa maƙwabciya tana shanya fari tas, maigida ya bi ta da kallo, matar ta ruga ta sayo sabunin Alhaji, aure ya tsira. Munka yi ta dariya, Alhaji har da dukan cinya. Na ɗauka, na yanka, na sa kiɗa, anka sa.

Bayan kwana uku na je gaida Yayata a Bagalam, na iske ta bakin murhu tana tuyar ƙuli-ƙuli, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai ne ka yi abin nan na sabuni?"

Na ce ni ne Yaya, har da washe baki ina jiran yabo.

Ta ce "to sannunka da aiki. Wato ni da nike tashi tun asuba in wanke kayan mutum tara, ladana ke nan a yi min barazanar kishiya a tele gaban ɗiyana. Jiya tuwo ya ɗan yi ruwa, autana ya dube ni ya ce Inna in ba ki iya ba akwai masu iyawa, gida duka anka kwashe da dariya." Ta juya ƙulin cikin mai, ta tsame, sannan ta ce "ka gaya ma Alhajin naka mu talatin ne a asusunmu, kuma an gama magana, ko kyauta ba mu so."

To daga nan za ka fara, tun ba ka taɓa kamera ba: wa ke fidda kuɗɗi ya sayi kayan nan? Sabuni, omo, magi, mai, taliya, atamfa, madarar yara, kwanuka, ko da maigida ne ya ba da kuɗɗin cefane ita ce ke cewa wanga za a sayo ba wancan ba, ita ke aiken yaro kanti ta ce in babu iri kaza ka dawo min da kuɗɗina. Kuma matan garin nan ba zaune suke suna jiran a ba su ba, wadda ke cikin kulle ma tana da man gyaɗarta da furarta da dambunta da akuyoyinta ja a bayan ɗaki. Kar ka manta Mata Masu Dubara, asusun nan na zubin sati-sati da ƙungiyar CARE ta kawo a 1991, nan jihar Maradi anka fara shi kafin ya bazu ƙasashe. Matan da ke haɗuwa kowane sati su ƙirga kuɗɗi su ba juna bashi, in sun gama lissafi hira suke, kuma tallarka na iya zama hirar ranar. Ka zaɓi irin hirar da kake so a yi.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi sauƙi kuma shi anka fi ƙi, ka sa mace a zaman tsara labarin, tun farko ba sai an gama ba. Kuma ba ƙanwarka mai jin nauyinka ba, ba sakatariyar Alhaji da albashinta ke hannunshi ba, waɗannan kome ka nuna musu za su ce ya yi. Nemo wadda ke aikin da hannunta kuma bakinta bai mutu ba, irin Hajiyar da ke sai da kayan miya ko wata malamar lakkol ko ungozoma, ka ba ta ɗan na goro don lokacinta ka ci, ka ce Hajiya ga abin da munka tsara, ina ya yi miki ciwo? Ranar 13 ga Mayu da ake bikin matan Nijar kowace shekara ai asalinta ke nan, a 1991 mata sunka fito tituna a Yamai don an kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa kusan babu su a ciki. Abin dariya sai ka ga ɗan kasuwa ya biya kuɗɗi ranar an karanta gaisuwarshi ga mata, washegari tallarshi mai zaginsu ta ci gaba da wucewa.

Yanzu ga inda nike son mu daɗe, don nan ne mutanenmu ke ruɗin kansu. In ka ce ma Bamarade talla ta ci mutuncin mace, abin da ke zo mishi a rai tsiraici ne, irin na tashoshin waje da muke kamawa a dekodar, mace rabin jiki waje tana tallar lemu ko turare ko tayar mota, ka rasa mi ya haɗa tayar da cinyarta. Wannan gaskiya ne cin mutunci ne, an mai da ita kamar fitilar jawo ƙwari. Amma sai mu ɗauka tunda tamu ta sa hijabi har ƙasa shi ke nan mun fita, alhali matar da na sa a tallar sabunin nan hijabinta na jan ƙasa, ko tafin hannunta da ƙyar ake gani, kuma na wulaƙanta ta fiye da yadda wani Bature zai iya. Sutura daban, daraja daban. Don haka in ka rubuta labarinka ka bi kowace mace da ke ciki ka tambayi kanka, mi ya kawo ta? Mi take yi, mi take cewa? In amsar ita ce tana tsaye tana murmushi kusa da babur, cire ta ko ka ba ta abin yi, ai mata na sayen babur su ba ɗan kabu-kabu shina kawo musu balas kullum, nuna wannan. In kuma aikinta a labarin shi ne ta yi kuskure namiji ya zo ya gyara, ko ta ji tsoron saki, ko ta yi kishi kamar mahaukaciya, to labarin ne za ka sake ba kayan jikinta ba.

Wata dabara da nike yi, in juya labarin kai ƙasa, in sa namiji inda macen take. Ka ce ga magidanci ya kasa kawo cefane mai kyau, matar ta dube shi gaban ɗiya ta ce in ba ka iya ba akwai masu iyawa, ta bi maƙwabci da kallo. Wace tasha za ta sa wannan? Alhaji da kanshi zai ce a'uzubillahi. To in bai saɓu a kanka ba mi ya sa kake ɗora mata? Kuma ba wai a koma mai da namiji sakarai ba, shi ma ba gyara ba ne. A Ingila hukumar da ke sa ido kan talla, ASA, ta fara aiki da wata doka a watan Yuni 2019 mai hana tallar da ke cusa ma mutane cewa mace kaza ce namiji kaza ne ta hanyar da za ta cutar, kuma a watan Agusta tallace-tallace biyu na farko da ta dakatar, guda ta cukun Philadelphia ce inda anka nuna ubanni biyu sun shagala da ciye-ciye har jariri ya bi bel ɗin da ke zagayawa da abinci, gudar kuma ta motar Volkswagen, maza wasu na sararin samaniya wani na wasan tsalle, mace kuwa na zaune kan benci kusa da keken jariri. Ni kaina ta motar na ga kamar an tsananta, mu nan zaman uwa da jaririnta ba abin raini ba ne, amma na gane inda sunka dosa, in kullum abu guda kake nuna ma yaro to shi zai ɗauka duniya.

Sai ƙananan abubuwa na wurin ɗauka waɗanda ba su cin ko dala. Kamera kar ta fara daga ƙafa tana hawa sannu-sannu, fara da fuska ko da hannun da ke aiki. Murya kuma, kun lura a tallarmu mace ke tuƙa tuwo, ita ke ɗanɗana miya, amma in an zo faɗin sunan kaya da farashi da inda shago yake sai wata ƙatuwar muryar namiji ta faɗo daga sama kamar ita ba ta san hanyar babbar kasuwa ba? Bar ta ta faɗa da bakinta. Kuma ka tace kalmomi, "har mata ma sun iya", "ko matarka za ta gane", waɗannan na sha jin su a tallar salula da ta tura kuɗɗi, da barkwancin bazawara da na wadda ba ta haihu ba da na mai ƙiba, duk wanda ka taɓa akwai irinta zaune gaban tele daren nan, mai yiwuwa a gidanku.

Masu tallar maganin gargajiya da kayan mata kuwa, don Allah. Tele a gidan Bahaushe ba a ɗaka take ita kaɗai ba, tsakar gida ake fiddo ta in kuran ya zo, ga uba ga ɗiya ga suruka ga almajirin gida, sai kawai a fara zayyano abin da ko a ɗakin aure sai an rage murya, ka ga tsohuwa ta tashi wai za ta duba akuya. Ma'aunina guda ne, in ba za ni iya kallonta zaune kusa da surukina ba to ba ta fita daga kwamfutata.

Batun farar fata shi ma sai an faɗa. A 2017 kamfanin Nivea ya yi tallar wani man shafawa a Najeriya da Gana da Kamaru da Senegal, wata tsohuwar sarauniyar kyau ta Najeriya na shafawa fatarta na washewa a kan allo, mutane sunka yi ca. A 2017 ɗin dai kamfanin sabunin Dove ya sa wani guntun bidiyo a Facebook, baƙar mace ta tuɓe riga ta zama Baturiya, sai da sunka ba da haƙuri. Kafin su a 2016 wani kamfanin omo a Sin mai suna Qiaobi ya nuna an tura baƙin mutum cikin injin wanki ya fito fari ɗan Sin, kuma a 2020 man nan Fair & Lovely na Indiya dole ya sauya suna zuwa Glow & Lovely. Muna jin waɗannan mu ce kai Turawa da wariya, amma wa ke zuwa ɗaukar talla ya ce a samo yarinya fara? Wa ke zama gaban kwamfuta ya ja haske har baƙa ta koma kamar Balarabiya? Mu ne. In fuskar baƙar mace ba ta fito a hotonka ba, fitilarka ce ba ka iya sawa ba, matso da ita gefe, sa farin kwali ya maido haske, kar ka tsai da ita jikin farin bango da tsakar rana, za ka ga yadda fatar ke sheƙi. Man bilicin kuwa ni na daina karɓar tallarshi ko nawa ne, da yawansu akwai hidrokinon ko sinadarin merkuri ko kortizon a ciki, masu sa fata ta yi laushi ta tsage, merkurin ma har ƙoda shike taɓawa, Kodebuwa tun 2015 ta hana irinsu. Ba na son wata ɗiya ta dubi madubi ta tsani kanta da aikin hannuna.

Mu zo ga al'ada. Yawancin kuskuren nan daga tallar aro suke zuwa, a ɗauko wadda anka yi don Abijan ko Legas ko Dubai a ɗora mata Hausa a sama. Sai ka ga yaro na miƙa ma tsoho abu da hagu, ko ɗiya ta shigo ba sallama tana kiran uban da sunanshi, ko a sa mutum na kwankwaɗar lemu mai sanyi ƙarfe biyu na rana cikin azumi. Hausar ma sai ka ji ta wani iri, an fassaro daga Faransanci kalma-kalma. Kuma ka kiyayi lissafin kuɗɗi, mu da dala muke ƙirga, abin da anka rubuta 500 a allo dala ɗari ne a baki, 1000 kuma jaka guda, in mai murya ya karanta "ɗari biyar" tsohuwa a Tibiri za ta ji jaka biyu da rabi ta ce Allah shi kyauta. Najeriya ma ai hukumarsu ta talla, ARCON, daga 1 ga Oktoba 2022 ta hana sa baƙin fuskoki da baƙin muryoyi a tallar da ake yi don ƙasar. Mu ko ba doka, hankali ya isa ya gaya maka ka ɗauki na gida.

Amma na gidan ma muna da namu. Bafillace kullum shi ne wanda bai san salula ba, Buzu kullum maigadi da shayi, baƙauye ya shigo birni shina tsoron adaidaita, a kwaikwayi Hausar Bazabarme a yi dariya. In ka yi magana a ce ai wasan taubasai ne. Wasan taubasai gaskiya ne abin alfaharinmu ne, UNESCO ma, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa na Nijar cikin gadon duniya a 2014, amma shi wasan sharaɗinshi a rama, Bagobiri ya tsokani Bazabarme shi kuma ya mayar mishi nan take, Babarbare da Bafillace haka, a tashi ana dariya. Tele kuwa wa zai rama mata? Sau goma a rana tana faɗa kai kana zaune. In dole sai ka yi, sa su biyun a ciki kowa ya ci kowa, kuma ka nuna ma masu abin kafin ta fita. Makaho da gurgu da kurma da mai tabin hankali kuwa ka bar su kurum, haka sana'ar gado ta mutane.

Addini ba sai na ja ba. Kar a sa aya ko kiran salla a ƙarƙashin kiɗa, kar a rantse da Allah a kan ƙarya cewa magani na warkar da cuta arba'in. Kuma ba namu kaɗai ba, akwai Kirista a garin nan maƙwabtanmu ne abokan cinikinmu ne. Bankin Sterling a Najeriya lokacin Ista ta 2022 ya kwatanta tashin Almasihu da kumburin burodin Agege, wai raha, ƙarshenta da takardar ban haƙuri ya ƙare.

Yarinyar da za ka sa kuma ka ji tsoron Allah a kanta. Gaya mata gaskiya inda za a nuna, tele ce ko har da intanet, wata nawa, nuna mata abin da ka haɗa kafin ya fita, ku rubuta a takarda, in ƙarama ce sai da iyayenta, kuma kuɗɗinta kar ya gaza na namijin da sunka yi aiki tare. Don in abu ya ɓaci Alhaji na cikin shagonshi, kai kana bayan kamera ba wanda ya san fuskarka, ita ce za a nuna da baki a gidan biki, ita manemi zai gudu ya bari. Manya sun tuna watan Nuwamba na 2000, da anka yi tarzomar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, bikin can wajen Yamai ake yin shi amma nan Maradi har da gidajen mata masu zaman kansu anka faɗa mawa. Fushin gari in ya tashi kan mace shike fara sauka.

In ka gama montaj kar ka kai tasha tukuna. Sa a salula ka kai wuri uku, fadar samari, tsakar gidan mata, da wani dattijo mai faɗin gaskiya. Kuma fuska za ka duba ba baki ba, Bahaushe ba zai ce maka aikinka bai yi ba, "to ba laifi" zai ce, in ka ji ba laifin nan da jan numfashi to akwai laifi. A wurin mata ka lura wa ya yi dariya wa ya yi shiru, shirun nan shi za ka bi ka tambaya.

Saura shawo kan mai kuɗɗin, don shi zai ce yaro ni na san abin da ke sa mutane dariya. Kar ka kawo mishi dogon turanci na haƙƙin mata, barci zai yi. Ce mishi ranka ya daɗe, in Hajiya ta gani za ta ji daɗi? In ya yi shiru ka ƙara da cewa masu sayen nan fa irin Hajiya ne. In kuma ta riga ta fita an yi kuka, a janye ta ranar, a ce mun yi kuskure ku yafe mu, ban da irin "in akwai wanda ranshi ya ɓaci" kamar laifin mai jin haushi ne. Kai ma mai kallo in ka ga wadda ba ta dace ba, ɗauke ta da salula, riƙe sunan tasha da lokaci, kira sashen tallarsu ko ka aika ma mai kayan cikin ladabi, in sun yi kunnen ƙashi akwai hukumar sa ido kan kafofin watsa labarai a Yamai. Yarinyar ciki dai a bar zaginta a komen, ba ita ta rubuta ba.

Ta sabunin nan sai da munka sake ta, da kuɗɗin aljihuna rabi don Alhaji ya ce shi ya riga ya biya sau guda. Wata ƙawar Yaya mai wankau na sa, tana wanki tana faɗin kwana nawa sabuni guda ke yi mata da nawa take samu, mijinta ya turo kura da jarkoki ya sauke mata ruwa ya wuce, ita ta faɗi farashi ita ta faɗi shago. Na kai ma Yaya a salula tun ba a sa ba, ta karɓa da gefen zane don hannunta duk mai, ta kalla har ƙarshe, ta sake maidowa farko, sannan ta miƙo min ta ce "kumfar ta yi yawa, wa ke zuba sabuni haka a tsadar nan? Je ka rage."